Asalin Mota A Takarda Ya Ke

A cikin 1990 aka kai wata ƙara gaban Babbar Kotun Ingila a London, wadda mu ke ganin ya kamata masu karatu su san labarinta. A kan tsohuwar mota guda ɗaya aka yi shari'ar, kuɗin da a ke jayayya a kansu kuwa fam miliyan 10 ne.

Motar ƙirar kamfanin Bentley ce, irin wadda a ke kira Speed Six, an ƙera ta cikin 1929 domin tsere. A wannan shekara Woolf Barnato da Sir Henry Birkin suka ci tseren awa 24 na Le Mans, a ƙasar Faransa, da ita. Cikin 1930 ta sake cinyewa a hannun Barnato da Glen Kidston. Turawa suka yi mata laƙabi da Old Number One, watau Tsohuwar Lamba Ɗaya.

Da kamfanin ya karye cikin 1931, motar ta zauna a hannun Barnato. Makanikinsa, wani Bature mai suna Walter Hassan, ya sake mata shasi cikin 1932, watau ƙarfen gindi da a ke ɗora inji da bodi a kansa, sa'an nan ya sa mata babban inji mai lita 8. A watan Satumba na shekarar nan ta ƙwace a filin tsere na Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya mutu. Aka tattara ta, aka gyara, aka ɗora mata rufaffen bodi na tafiya a hanya. Daga nan ta yi ta sauya hannu, har ta kai ga wani attajiri wanda ya mayar da ita kamanninta na 1932.

Shi ne ya yi ciniki da kamfanin Middlebridge. Bayan an ƙulla, kamfanin ya janye, ya ce ai wannan ba ita ce motar da ta ci Le Mans ba, tun da shasi da inji da bodi duk an sake su. Hassan da kansa, yana da shekara 85, ya zo ya ba da shaida a kan aikin da ya yi da hannunsa. Mai shari'a Otton ya ba mai mota gaskiya. Hujjarsa ita ce, ko da ya ke ƙarafan 1929 kaɗan suka rage, tarihin motar bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata mota dabam da za ta yi da'awar wannan suna.

Mu a ganinmu hukuncin nan daidai ne. Lalle maganar masu saye tana da nauyi, gama wanda ya ba da fam miliyan 10 yana son ya taɓa ƙarfen da ya yi nasara. Amma motar tsere ba ado ba ce, kullum cikin lalacewa da gyara ta ke. Gidan ƙasa ma kowace shekara a kan yi masa yaɓe, a sake azara in gara ta ci, duk da haka ba wanda zai ce ba gidan kakanni ba ne. Abin da ke tabbatar da shi shi ne an san wanda ya gina, da wanda ya gada, da wanda ya gyara. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba su karɓar ilmi sai da silsilarsa.

Sai dai akwai sharaɗi. Gyara ba ya zama halal sai an faɗi abin da aka sake, da lokacin da aka sake shi. Wanda ya tsinci tsohon inji a bola, ya ƙera sabuwar mota kewaye da shi, ya laƙa mata sunan wata, wannan algus ya yi, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Abin da ya cece Tsohuwar Lamba Ɗaya shi ne an iya bin sawunta daga hannu zuwa hannu, da takardu da shaidu.

To, a nan ne darasin ya shafe mu. Mu da ke koyar da malaman makaranta kullum muna nanata musu su riƙa cika littafin tarihin makaranta, da yawansu kuwa suna ɗaukar aikin nan wahalar banza. Haka masu mota ke jefar da rasit da takardun gyara. Ga shi rubutu da shaidar dattijo ɗaya sun tsayar da cinikin fam miliyan 10 bayan shekara 58. Da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai an tabbata zumar ce. Duk wanda aka ba amanar wani abu, mota ko makaranta, ya rubuta ranar da ya karɓa, da abin da ya gyara, da wanda ya miƙa wa. Allah ya sa mu gane.