Fina-finan yaƙin nukiliya: Tsoron da bai kamata duniya ta rasa ba

A daren 20 ga Nuwamban 1983, Amurkawa kimanin miliyan 100 ne suka kalli fim ɗin The Day After a tashar talabijin ta ABC. Fim ɗin ya nuna yadda makaman ƙare dangi suka afka wa yankin Kansas: asibitoci suka cika maƙil, gonaki suka lalace, waɗanda suka tsira kuma suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Shugaba Ronald Reagan, wanda aka nuna wa fim ɗin tun kafin a haska shi, ya rubuta cewa ya jefa shi cikin matsananciyar damuwa. Bayan shekara huɗu, shi da shugaban Tarayyar Sobiyet, Mikhail Gorbachev, suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango.

Dalilan da suka kai ga yarjejeniyar suna da yawa, amma fim ɗin ya yi abin da rahotannin masana suka kasa, domin gani ya kori ji. Hukumomi ma sun san ƙarfin hakan. A Birtaniya, BBC ta shirya The War Game a 1965, sannan ta ƙi nuna shi a talabijin har tsawon shekara 20, tana cewa ya cika tayar da hankali. A 1984 kuma ta fito da Threads, wanda ya bi birnin Sheffield daga faɗuwar bam zuwa yunwar da ta biyo baya, bayan hayaƙi ya rufe rana, noma ya gagara. Irin wannan yunwar ba ruwanta da iyakar ƙasa. Za ta riski har waɗanda ba su mallaki bam ko ɗaya ba.

Yau ana neman mantawa da wannan darasi. Yarjejeniyar 1987 ta ruguje a 2019. Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniyar New START a 2023. Ƙasashe tara na riƙe da makaman nukiliya sama da 12,000.

A irin wannan yanayi ne fim ɗin Oppenheimer ya lashe kyaututtukan Oscar bakwai a 2024. Ya nuna zullumin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin, amma bai nuna abin da ya samu mutanen Hiroshima da Nagasaki ba, lamarin da ya jawo masa suka a Japan. Sukar na kan hanya. Fim ɗin da ya tsaya a ɗakunan taron shugabanni da janar-janar kan bar mai kallo yana mamakin ƙarfin makamin, maimakon ya ƙyamace shi.

Ya kamata masu shirya fina-finai su mayar da kyamara kan talakan da bam zai faɗa wa. Masu kallo kuma su juya fargabarsu zuwa matsin lamba kan gwamnatoci su koma teburin rage makamai, tun kafin a yi da-na-sani.