Ƙananan Kaburbura Sun Yi Yawa

Jama'a, duk wanda ya raka gawa maƙabarta a ƙauyukanmu, in ya duba da kyau zai ga ƙananan kaburbura jere reras. Yau a kan masu su za mu yi magana, tun da su ba su da bakin kai ƙara.

Ba mu ƙi gaskiya ba, an sami ragowa. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya ya nuna a 2003, cikin yara 1,000 da aka haifa, 201 ba su kai shekara biyar ba. A 2013 abin ya sauko 128, a 2018 ya koma 132, na 2023 zuwa 2024 kuma ya ce 110. To, wannan shi ne abin da za a buga wa tambura? Ɗaya cikin tara ke nan fa. Alhali kuwa ƙasashen duniya, har da mu, sun yi alkawari a sauko da shi 25 kafin ƙarshen 2030.

Abin takaici kuma, nauyin a kan Arewa ya fi faɗawa. Binciken 2018 ya sami 252 a Jihar Kebbi, 30 kacal a Jihar Ogun. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya!

Me ke kashe su? Ba wani baƙon abu ba ne. Jarirai na tafiya saboda wahalar haihuwa ba ƙwararriyar ungozoma, da haihuwar bakwaini, da ciwon da ke shiga ta cibiya. Wanda ya tsallake wannan, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ciwon huhu, ga gudawa, ga ƙyanda. Tamowa kuwa ita ke buɗe musu ƙofa, don yaron da bai ƙoshi ba ba ya iya kokawa da cuta. Maganinsu duk sananne ne, mai araha: gidan sauro, allurar rigakafi, ruwan gishiri da sukari, ruwan sha mai tsabta, nonon uwa zalla har wata shida.

Kada wani ya ce talauci ne. Maƙwabciyarmu Nijar ba ta kai mu arziki ba, amma ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, a 2006 ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mace-macen ya sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Mu kuwa a Abuja aka zauna a 2001 aka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Ko mu nan mun ga abin da himma ke yi. Da hukuma da sarakuna da malamai suka sa hannu, an kori asalin ƙwayar shan inna, aka yi shelar haka a 2020. Me ya hana a yi wa sauro da gudawa irin wannan taron dangi?

Rai na Allah ne, ba mu musu. Amma wanda aka ba amanar baitulmali za a tambaye shi. Muna kira a cika alkawarin Abuja, a sa ungozoma da magani a kowace gunduma, a yafe wa yara kuɗin asibiti. Ku kuma iyaye, ku kai yara rigakafi, kada ku jira sai ciwo ya ci ƙarfinsu. In masu neman ƙuri'a sun zo, ku kai su maƙabarta su ƙirga.