Awa Ɗaya Da Rabi, Ga Wa?

Ran nan a ɗakin cin abinci wani ɗan'uwa ɗalibi, wanda mahaifinsa ke da abin hannu, ya dube mu ya ce ai Kano da Ikko yanzu maƙwabta ne, awa ɗaya da rabi ce tsakaninsu. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba, kuma ga dalilina.

Ba ƙarya ya yi ba. In aka miƙe ta sama, tsakanin biranen nan biyu kimanin kilomita 830 ne, jirgi kuwa yakan cinye su kafin mai karatun jarida ya kai shafin ƙarshe. Amma shin mutum nawa ne cikinmu suka taɓa ganin wannan awa ɗaya da rabi? Ƙaramin ma'aikaci da aka tsayar wa naira 70,000 a wata a 2024, albashinsa kaf bai isa tikitin zuwa kaɗai ba, balle dawowa. Shi rabonsa mota ce: fiye da kilomita 1,000 na kwalta mai ramuka, shinge bayan shinge, a tashi da yamma a kwana a zaune, a isa gobe in Allah ya tsare. Ashe garin da ke maƙwabtaka da mai kuɗi, ga talaka uwa duniya ce.

Abin takaicin shi ne, an san maganin tun kakanninmu na yara. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara goma sha huɗu kafin jirgin sama na farko ya sauka a garin a 1925. Turawa ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa da auduga da fatu ne, wannan kowa ya sani. Duk da haka talaka ya hau, ya je ya dawo da kuɗi kaɗan. Mu da muka gaji layin nan mai kilomita 1,126, me muka ƙara masa? Faɗinsa na nan ƙafa uku da rabi yadda suka bar shi. Da aka farfaɗo da jirgin fasinja a kansa wajen 2013, har da kiɗa da jawabai, sai ga shi yana cin sama da awa 30. Ku yi lissafi, ya 'yan'uwa: bai kai kilomita 40 a awa ba. Kaico!

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar sabon layi daga Ikko zuwa Kano. Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, sai a 2016 aka buɗe. Ikko zuwa Ibadan, kilomita 157, sai 2021. Guntu can, guntu nan, tsakiya fayau. Da an haɗa su, da ɗan kasuwar Kwari ya yi asuba a Kano ya yi magariba a Ikko da kayansa, ba tare da ya sayar da akuya ba.

Za a ce mini ai aikin dogo kuɗi gare shi. Haka ne. To, amma masu raba kuɗin nan ta ina suke bi in za su Ikko? Ta sama. Wanda bai taɓa kwana a bayan tirela a hanyar Mokwa ba, ina zai ga gaggawar dogo? Da za a tilasta wa kowane minista da ɗan majalisa ya yi tafiyar aiki ta ƙasa na shekara ɗaya tak, da mun ga yadda ake nemo kuɗin.