'Yan Mowa da 'Yan Bora a Wajen Kallo

Abin da nake so in yi magana a kansa ya faru ne nesa da Dinawa ƙwarai, amma da na ji labarinsa sai na ga kamar da mu ake.

A ƙasar Ingila akwai wani wasan talabijin mai suna Doctor Who, wanda gidan BBC ya fara nunawa a 1963. Labari ne na wani mutum mai yawo tsakanin duniyoyi da zamunna cikin wani akwati shuɗi, watau dai irin ƙagaggen labarin kimiyyar nan da muka sani a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A 2013 wasan ya cika shekara 50, aka shirya masa kashi na musamman. To, maimakon a nuna wa kowa ɗan tsakuren tallarsa, sai aka ɗauke shi aka kai wani babban taron masoya finafinai da ake kira Comic-Con a birnin San Diego na Amurka, cikin watan Yuli. Waɗanda suka samu shiga zauren su kaɗai suka gani. Mutanen Ingila, waɗanda ke biyan kuɗin lasin talabijin kowace shekara, da shi kuma ake shirya wasan, aka ce su jira. Ransu ya ɓaci, ni kuwa ban ga laifinsu ba.

Masu shirya wasa suna cewa dabarar kasuwa ce, wai idan kaɗan suka gani sauran za su ƙagara. Na yarda mai kaya yana da ikon tallar kayansa yadda ya so. Amma wa ke iya zuwa irin wannan taro? Mai kuɗin jirgi da masauki. Ashe ba a auna ƙauna ba, aljihu aka auna. Mu nan mun san zafin wannan. Sabon fim ɗin Hausa yakan fara fita a sinima a Kano, mu kuwa sai mun jira ya iso wurin mai tura finafinai a waya, kafin nan wani ya riga ya ba mu labarin ƙarshensa. Alhali kuɗin albasa da tafarnuwar da muka noma a fadamar Wurno ba su fi na kowa arha ba.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A da can BBC ta shafe tsofaffin faya-fayen wasan da yawa, suka ɓace. Cikin watan Oktoba na shekarar 2013 sai aka sanar cewa wani Bature, Philip Morris, ya gano kashi tara daga cikin ɓatattun nan, na 1967 da 1968. A ina? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos! Watau 'yan kallo na nesa, waɗanda ba wanda ya taɓa tunanin gayyatarsu zaure, a wurinsu aka tarar da abin da masu shi suka zubar.

Ran 23 ga Nuwamba kuwa aka nuna kashin bikin a ƙasashe 94 a lokaci guda. Tun da sun iya yin haka a Nuwamba, me ya hana su a Yuli?