Makamin da ba ya barin harsashi

A shekara ta 2010 Amurka ta kai wani sabon makami Afganistan, ta maido shi ba ta yi aiki da shi ba. Igiyoyin lantarki yake harbawa, dangin waɗanda eriyar tarho ke watsawa a Madarumfa, amma masu tsananin ƙarfi. Shigarsu fata bai kai rabin milimita ba, sai su zafafa ruwan cikinta, mutum ya ji kamar wuta ta lashe shi, ya sheƙa a guje. In an daɗe fata takan ƙone, kamar yadda ya sami wani sojan Amurka wajen gwaji a 2007. Makamin nan ba ya barin harsashi. In aka azabtar da talaka da shi, wace shaida zai kai gaban alƙali?