Makin kati da kuɗin motar zuwa gida



Da zarar Nuwamba ta kama, hirar 'yan ƙasar Zuru da ke zaune a Kaduna, Abuja, Legas da barikokin soja takan koma abu ɗaya: nawa ne kuɗin mota bana, kuma mutum nawa za su iya zuwa gida Kirsimeti? Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, wannan tambaya ta ƙara nauyi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Direba bai yi laifi ba da ya ƙara kuɗi. Amma magidanci mai mata da 'ya'ya uku da ke so Kaka ta ga jikokinta a Dabai ko Ribah ko Mahuta, shi ne ke kwana yana lissafi.

A wannan lokaci ne wayoyinmu ke cika da bidiyon iyalai a Amurka da suka zaga duniya, wai ba su biya kuɗin jirgi ba, makin katin bashi suka tara. A nan gida kuma manhajojin biyan kuɗi suna ta yi mana alkawarin maido da wani abu in mun sayi kati ko data ko mun biya kuɗin wuta. Wasu cikinmu sun fara tunanin ta nan mafita take. Ra'ayina shi ne, wannan maki gyara ce, irin wadda mai dawa ke ƙara maka a kan mudu a kasuwar Zuru. In an ba ka, karɓa ka yi godiya. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ciyar da gidansa da gyara ba, balle wanda ya ci bashi ya sayi buhu goma don a ƙara masa cikin tafin hannu.

Bari mu ga inda makin yake fitowa. Katin bashi daban yake da katin ATM da yawancinmu ke riƙe da shi. Da katin ATM, kuɗinka da ke asusu kake kashewa. Da katin bashi, kuɗin banki kake kashewa, ka biya ƙarshen wata. A Amurka, duk lokacin da aka yi sayayya da irin wannan kati, mai shago yakan biya la'adar kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Daga cikin wannan la'ada banki ke gutsuro kaɗan ya ba mai kati a matsayin maki, shi kuma mai shago ya riga ya sa la'adar cikin farashin kaya, har wanda ya biya da tsabar kuɗi ma yana ɗauke da ita. Kamfanin jirgin sama na American Airlines ya fara ba matafiya maki a 1981, daga baya bankuna suka shiga sayen makin daga kamfanonin jirage suna raba wa masu katinsu. A Tarayyar Turai, inda doka ta 2015 ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu zuwa kashi 0.3 cikin ɗari, makin da ake bayarwa bai kai na Amurka ba ko kusa. Wannan kaɗai ya nuna ko aljihun wa ake taɓawa.

Akwai kuma aljihu na biyu, wanda masu bidiyo ba su cika magana a kai ba. Wanda ya kasa biyan bashinsa duka a ƙarshen wata, sai kuɗin ruwa ya hau, kuma a 'yan shekarun nan ruwan katin bashi a Amurka ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. A 2023 bashin da Amurkawa suka ci ta kati ya haura dala tiriliyan ɗaya. Wato iyalin da kuka gani suna murmushi a filin jirgi, wani ɓangare na tikitinsu ya fito ne daga gumin wani iyali da ke fama da ruwan bashi. Masu cin riba su ne waɗanda dama suna da kuɗin a hannu, suna biya daidai lokaci ba fashi.

To mu dawo tasha. A ce kujera ɗaya daga inda kake zuwa Zuru naira 20,000 ce, ku biyar ne, zuwa da dawowa. Naira 200,000 ke nan, ba a sa abinci a hanya ba, ba a sa tsaraba ba. A ce kuma manhajarka tana maido maka da naira ɗaya a kan kowace ɗari da ka kashe. Kafin ka tara kuɗin motar nan, sai ka kashe naira miliyan 20. Ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, ko malamin firamare, ko kofur a bariki, yaushe zai kashe miliyan 20? Sau da yawa ma abin da aka maido ba a cire shi a hannu, sai dai ka sake sayen wani abu a cikin manhajar, wani kuma yana da ranar lalacewa. Ɗan kamasho a tashar Kontagora ba ya karɓar maki.

Na san akwai mai cewa, ai bankunan Najeriya ma suna ba ma'aikata katin bashi, kamfanonin jiragenmu ma suna ba da maki. Gaskiya ne. Idan aikinka na yawan hawa jirgi ne, ofis ke biya, ka yi rajista ka tara makinka, babu laifi ko kaɗan. Idan kana da katin bashi, kana sayen abin da dama za ka saya, kana kuma biya duka kafin ruwa ya hau, ka ci gyararka lafiya. Amma mutum nawa ne haka a zumuntarmu? Ko shi ɗin ma, in jirgi ya sauke shi a Birnin Kebbi ko Sakkwato, da sauran tafiyar sa'o'i a mota kafin ya ga rufin gidansu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da son maki ke buɗewa. Manhajar da ta ba ka naira hamsin a kan data, sau da yawa ita ce za ta nuna maka cewa ka cancanci rancen dubu hamsin, ka danna kawai. A tsakiyar Disamba, ga ankon yara, ga Mama tana tambaya a waya ko kuna tafe, dannawar ba ta da wuya. Janairu ce ke da wuya: kuɗin makaranta, kuɗin haya, ga ruwan bashi yana hawa kowane mako. Mun kuma san halin wasu masu ba da rancen waya. In ka yi jinkiri, sai su aika wa duk lambobin da ke wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne, har fasto da surukai. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan wayar mutane. An samu sauƙi, amma bashin da ruwansa suna nan. A 2 Sarakuna sura 4, matar da ta zo wurin Elisha da kuka gwauruwar mai tsoron Allah ce, duk da haka mai bin bashi yana hanya zai kwashe 'ya'yanta biyu. Bashin da uba ya ci, kan yara ya faɗa.

Iyayenmu mata a zumuntar mata sun daɗe da sanin hanyar da ta fi maki. Kuɗin motar nan na 200,000, in aka fara ajiye shi tun Fabrairu, naira 20,000 ne a wata har wata goma, ko kusan 5,000 a mako. Da nauyi, ban ce babu ba, amma babu ruwa a kai, babu mai kiran surukinka. Adashi ma yana yi, in uwar adashi mai amana ce kuma ka roƙi kwasarka ta faɗo a Nuwamba. Wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi, ya buɗe asusu daban wanda ba shi da kati. Ɗan abin da manhaja ta maido kuwa, a bar shi ya sayi datar wata, kuɗin datar ya shiga asusun tafiya. Iyakar amfaninsa ke nan, kuma ba a raina shi.

Sauran ragin yana tasha. Kuɗin mota yakan yi tsalle a kwanakin da suka gabaci 25 ga Disamba, don haka iyalin da za su iya tura uwa da yara da zarar an rufe makaranta, uba ya biyo baya shi kaɗai, sun rage abin da maki ba zai rage ba. 'Yan gari ɗaya da ke sujada a ikilisiya ɗaya a Kaduna ko Abuja za su iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar bas tun da wuri, su yi ciniki da direban da suka sani, su tashi da asuba don kada dare ya same su tsakanin Kontagora da Rijau. Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. A dawowa kuma, buhun dawa ko masara da aka ɗoro daga gida bayan girbi yakan mayar da wani abu daga kuɗin motar.

Akwai shekarar da lissafin ba zai fita ba ko an yi duk wannan. A irin wannan shekara, gara mutum ɗaya ya je a madadin gida, ko a aika wa tsofaffi rabin kuɗin motar su sayi abin Kirsimeti, a ɗage zuwan kowa da kowa zuwa Ista ko wani hutun makaranta da tasha ba ta cika ba. Masu surutu za su yi surutu cewa wane bai zo gida bana ba, kwana biyu su manta.

Shawarata ga shugabannin zumunta ita ce, a taron farko na sabuwar shekara a buɗe littafin ajiyar tafiya ga duk mai so, da ma'aji biyu da sa hannun dattijon ikilisiya ɗaya, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen kowane wata, a raba kuɗin a makon farko na Disamba.