Ƙwayar wanke bandaki: garin neman gira kada mu rasa ido



A gidaje da dama na GRA a nan Katsina, ruwan bandaki ya koma shuɗi. Ƙwaya ce ake jefawa a tankin bandakin zamani, ta riƙa narkewa a hankali, duk lokacin da aka kora ruwa sai ya sauko da launi da ƙamshi. Mun mayar da ita alamar tsafta da wayewa. Mu dai ra'ayinmu shi ne a cire ta daga tankin, musamman mai ɗauke da sinadarin kulorin.

A ƙasan tankin akwai wata roba da ke toshe hanyar ruwa har sai an danna. Akwai kuma ƙananan robobi a jikin kusoshin da suka haɗa tankin da masai. Kulorin yana cin roba. Idan ta daɗe a jiƙe cikinsa sai ta yi tauri ko ta lanƙwashe, ta daina rufewa ruf. Daga nan yoyo ya fara. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya, irin su Fluidmaster da Kohler, da kansu suna gargaɗin cewa ba su ɗaukar alhakin ɓarnar da irin wannan ƙwaya ta jawo.

Abin ya fi muni a bandakin da ba a cika shiga ba, kamar na baƙi, ko gidan da masu shi suka yi tafiya. Ruwan yana zaune, ƙwayar tana ta narkewa, sinadarin yana ƙara ƙarfi.

Wannan yoyon ba ya jiƙa ƙasa balle a gan shi. Cikin masai yake zurara, dare da rana. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa bandaki ɗaya mai yoyo yana iya zubar da kusan lita 750 a yini. Jarka 30 ke nan mai cin lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turowa a kura. A garin da ruwan madatsar Ajiwa ba ya kai wa kowane famfo, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mai rijiyar burtsatse ma bai tsira ba: tankin sama zai riƙa ƙarewa da wuri, a ƙona fetur a janareta don a sake cika shi, ramin bandaki kuma ya cika kafin lokacinsa.

Masu son ƙwayar za su ce tana rage wahalar wanki. To, ai ba ta kankare dattin da ya manne, dole sai an sa buroshi. Maganin wanki a cikin masai ya kamata a zuba shi, a goge, a kora. Tanki kuwa a bar masa ruwansa zalla.

Gwajin yoyo ba ya buƙatar mai gyaran famfo. A cire ƙwayar, a kora har ruwan ya yi fari, sannan a ɗiga kalar abinci irin ta kek a tankin, a jira minti 10 ba tare da an danna ba. Idan launin ya bayyana a masai, robar ta mutu, a sauya ta. Kuɗinta bai kai na ruwan da take zubarwa ba.

Mu duba bandakunan gidajenmu a wannan makon, mu kuma faɗa wa maƙwabta. Allah Ya sa mu dace.